Tambaya da Amsa: Me Ƙasar Aman Wuta da Sanyin Tsauni Ke Yi wa Ɗanɗanon Gahawa?

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan gahawa, galibinsu daga Zariya da kewaye. Mun haɗe masu kama da juna, mun kuma taƙaita dogaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kanti a Sabon Gari, kwanan nan na fara saro gahawar waje. A jikin wata leda an rubuta cewa an noma ta a ƙasar dutse mai aman wuta, a tudun mita 1,800, kuma kuɗinta ya ninka na saura. Akwai gaskiya a ciki, ko dabarar talla ce kawai? Daga mai kanti, Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai gaskiya, sai dai lambar nan 1,800 ta fi maganar aman wutar nauyi, duk da cewa aman wutar masu talla suka fi rubutawa da manyan baƙaƙe.

Gahawar kasuwa iri biyu ce. Akwai robusta mai ɗaci da ƙarfi, wadda ita ta fi yawa a garin gwangwani da ake kaɗawa da ruwan zafi. Akwai kuma arabika mai ƙamshi da ɗan tsami, kuma kusan duk gahawa mai tsada ita ce. Asalin arabika dazuzzukan tsaunin kudu maso yammacin Habasha ne, shi ya sa ta fi son wurin da matsakaicin zafin shekara bai wuce digiri 18 zuwa 21 ba. A ƙasashe masu zafi ba a samun haka sai an hau tudu, domin duk mita 100 da aka hau, zafi yakan sauka da kimanin digiri 0.6.

Aikin sanyin shi ne jinkirta nuna. Daga fure zuwa ɗan da ya yi jajir yakan ɗauki wata 7 zuwa 9, a can sama kuwa sai ya kai ƙarshen lissafin. Da rana ganye na haɗa sukari, da dare kuma bishiya na ƙone wani kaso nasa wajen numfashi, kuma iya ɗumin dare iya abin da take ƙonewa. Dare mai sanyi na rage wannan asara. Sai ƙwaya ta cika a natse, ta yi tauri da nauyi, ta tara zaƙi da tsamin nan mai daɗi da ake ji a lemo da tuffa. Duk wanda ya san bambancin mangwaron da ya nuna a kan uwarsa da wanda aka tsinko ɗanye aka nuka ya gane rabin zancen. In zafi ya yi yawa, fure kan zube, ɗa ya yi ja kafin ƙwayar ciki ta ƙosa, sai a samu gahawa lami mai bauri. A Gwatamala ma da tudu ake raba daraja: wadda aka noma sama da kimanin mita 1,350 ita ake buga wa SHB a buhu, wato ƙwaya mai tsananin tauri.

Ita kuwa ƙasar, toka ce da narkakken dutse da suka shekara ɗaruruwa ko dubbai suna rugurgujewa. In ka damƙi irin ta toka a hannu za ka ji ba ta da nauyi, baƙa ce ƙirin, in ka murza tana da santsi amma ba ta danƙo irin na laka. Tana shan ruwa ta riƙe, ta kuma saki rararsa ya wuce ƙasa, don haka saiwa ba ta ƙishi kuma ba ta ruɓewa. Tana da zurfi, saiwa na ratsa ta ba wahala. Sannan da yake dutsen bai tsufa ba, har yanzu yana sakin sinadaran fotash da kalsiyam da maganiziyam. Irin wannan ce a Antiguwa ta Gwatamala, tsakanin duwatsun Aguwa da Fuwego da Akatenango. Ta gangaren dutsen Kenya, wajen Nyeri da Kirinyaga, ja ce mai zurfi, ta fi waccan tsufa, amma ita ma daga dutsen aman wuta ta samo asali.

Ga inda za a yi hattara. Ƙasa ba ta zuba wa ƙwaya ɗanɗanon toka ko na dutse. Abin da take yi shi ne ta tsare lafiyar bishiya har ta iya ciyar da 'ya'yanta tsawon watannin nan ba yankewa. Dubi Biyetnam: mafi yawan robustarta a kan jar ƙasar aman wuta ake noma ta, amma tudun wurin bai taka kara ya karya ba, kuma gahawar ta gwangwani ce. Burazil kuma na fitar da arabika mai kyau daga yankin Serado, inda tsohuwar ƙasa ce mai tsami da sai an gyara ta da taki da farar ƙasa.

Saboda haka in za ka saro, nemi ledar da ta faɗi yankin da aka noma, da sunan iri, da tudu, da yadda aka sarrafa, da ranar da aka soya. Gahawar da ake kira ta musamman ita ce wadda ƙwararrun masu ɗanɗano suka ba maki 80 ko fiye cikin 100 a ma'aunin SCA, ƙungiyar masu harkar gahawa ta musamman. Ledar da ba ta faɗi komai ba sai hoton dutse yana hayaƙi, kada ka biya mata kuɗin ninki.

Tambaya: Malam, a darasi an koya mana cewa ƙasar tokar aman wuta na ƙwace fosfaras ta hana shuka. To ta yaya ake cewa ta fi kowace albarka? Daga ɗalibar aikin gona, Samaru.

Amsa: Malama, abin da aka koya muku daidai ne, kuma mun ji daɗin tambayar. Tokar idan ta rugurguje tana haifar da wata laka da ake kira alofen, mai cike da alminiyam. Ita ce ke sa ƙasar sakayau, har nauyinta bai kan wuce giram 0.9 a kowane ɗan gutsure mai santimita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ba, kuma ita ce ke kama ruɓaɓɓen ganye ta hana shi ƙarewa da wuri. Amma ita ce kuma ke damƙe fosfaras. Cikin sharuɗɗan da masana ke bi kafin su ce ƙasa irin ta tokar aman wuta ce akwai cewa ta riƙe kashi 85 cikin 100 ko fiye na fosfaras ɗin da aka zuba mata a gwaji. Ke nan manomi na iya watsa taki ya tafi gida, ƙasa ta cinye, bishiya ba ta samu ba. Alamar ita ce ƙaramar shuka ta tsumbure, saiwa ta ƙi yaɗuwa, tsofaffin ganye su yi jaja-jaja su zube.

Maganinsa ba ƙara yawan taki barkatai ba ne. Ana zuba fosfaras a ramin dashe a cakuɗe da ruɓaɓɓen taki, daga baya kuma a riƙa sa shi a layi ɗaya daidai inda inuwar rassa ta tsaya, don ya haɗu da ƙasa kaɗan. Gahawa ta fi son ƙasar da ma'aunin tsaminta na pH ke tsakanin 5.5 da 6.5. In ya faɗo ƙasa da 5, alminiyam kan narke ya ƙona bakin saiwa, nan ne ake sa farar ƙasa, gwargwadon abin da gwaji ya nuna. Wajen ɗibar ƙasar gwajin, a ɗebo daga wurare 15 zuwa 20 a faɗin gona, na sama santimita 20 daban, na ƙarƙashinsa daban, a cakuɗa kowanne a bokiti mai tsabta.

Ki kula da fotash sosai, domin shi ne 'ya'ya suka fi kwashewa daga gona tare da naitirojin, kuma mai yawa daga cikinsa na cikin ɓawon da ake zubarwa. Manomin da ke tara ɓawo ya ruɓar ya mayar gindin bishiya ya rage wa kansa kuɗin taki. Yawan yuriya kuwa ganye yake kawowa, ba daɗi ba. Bishiyar da aka bari ta ɗauki 'ya'ya fiye da ƙarfinta takan ba da ƙananan ƙwayoyi, rassanta su bushe daga baki, baɗi ta ƙi haihuwa.

Akwai kuma abin da ƙasa ba ta da hannu a ciki sam, wato iri. Gesha, wadda asalinta Habasha ne, ta shekara da shekaru a Amurka ta Tsakiya ba a damu da ita ba, sai a 2004 da wadda aka noma a tudun Bokete, gefen dutsen Baru a Panama, ta lashe gasar ƙasar da ƙamshinta na furanni. Maƙwabtanta a ƙasa ɗaya da sanyi ɗaya ba su da wannan ƙamshi. Haka SL28 da SL34 na Kenya, da aka zaɓo tun shekarun 1930, su ne ƙashin bayan tsamin da aka san gahawar Kenya da shi.

Tambaya: Ina da gona a hanyar Giwa, da rijiyar burtsatse. In na sa aka kawo mini ƙasar Jos a tifa na cika ramuka, zan iya noman arabika? Daga dattijo manomi, Shika.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, kada ka kashe kuɗinka. Ƙasa ana iya ɗauko ta a mota, sanyi ba a iya ɗauko shi. Zariya na kan tudun da bai kai mita 700 ba, kuma a Maris da Afrilu zafin rana na haura digiri 35. Damina wata 5 ce zuwa 6, ruwan shekara kimanin milimita 1,000, alhali arabika na son 1,200 zuwa 2,000 da rani gajere na wata 2 zuwa 3. Ban ruwa zai magance ƙishi, amma ba zai hana iskar hunturu busar da ganye ba, ba zai kuma hana zafin bazara zubar da fure ba. Ga shi ƙasarmu daga tsohon dutse irin na Kufena ta samo asali, ruɓaɓɓen ganyen cikinta kaɗan ne, wani wurin ma kana haƙa ka ci karo da marmara. Ramin da aka cika da baƙuwar ƙasa a kan marmara tukunya ce, ruwa zai kwanta a gindi ya kashe saiwa. Bishiya ɗaya ko biyu a inuwar gida don sha'awa za su iya rayuwa, amma ba gonar riba ba.

A Najeriya gidan arabika shi ne tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, mai tudun kimanin mita 1,600, wanda ke haɗe da tsaunukan Kamaru masu tarihin aman wuta. Can ne ake noman ganyen shayi a Kakara, kuma Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya da ke Ibadan, wadda gahawa ke ƙarƙashin kulawarta, tana da reshe a Kusuku. Sai tsaunin Jos, sama da mita 1,200, inda ake ganin tsofaffin duwatsun aman wuta a wajen Panyam da Kerang.

Wanda ke da fili a can, ga tsarin a taƙaice. A shuka sabon iri, domin ƙwayar gahawa na mutuwa cikin 'yan watanni. Takan tsiro a mako 6 zuwa 8, ta yi wata 9 zuwa 12 a leda kafin dashe. Rami santimita 60 faɗi da tsawo da zurfi, a haƙa tun kafin damina, a cakuɗa ƙasar sama da bokiti guda na ruɓaɓɓen taki. Tazarar mita 2.5 ta ishi dogayen iri. A duba saiwar tsakiya kada ta lanƙwashe wajen dashe, wannan kuskure ba ya nuna kansa sai bayan shekaru, lokacin da bishiya za ta fara ramewa ba dalili. A gangare a yi kunya a kwance, a lulluɓe gindi da ciyawa, a bar itatuwan inuwa jefi-jefi. Haihuwar farko sai shekara 3 zuwa 4.

Tambaya: Yayana da ke aiki a Gembu, can tsaunin Mambila, ya aiko mini da ɗanyar gahawa kwano biyu. Na soya na daka, amma sai warin hunhuna da tsami mara daɗi nake ji. Ba an ce ta tsauni ta fi daɗi ba? Daga uwargida, Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, tsauni ya yi nasa, matsalar bayan girbi ta faru. Abin da bishiya ta gina cikin wata 9, kwana biyu na sakaci sun isa su rushe shi, kuma nan ne gahawarmu ta gida ta fi faɗuwa, abin da ke damun duk mai kishinta.

Baza ƙwayar a faifai da hasken rana ki duba. Mai kyau koriya ce mai ɗan shuɗi-shuɗi, ƙamshinta na ɗanyar ciyawa. Baƙa mai yamushi ta mutu tun a bishiya ko an tsince ta a ƙasa, ita ke kawo ɗaci mai wari. Mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke bugun hanci da tsami ta wuce lokaci wajen tsimawa. Mai ƙananan huji ƙwaro ne ya shige ta. Fara fat mai kumburi ta sha danshi a ajiya. Duk ki tsince su ki zubar, ƙwaya ɗaya mai wari na ɓata kofi guda. A ma'aunin gahawa ta musamman, cikin giram 350 ba a yarda da ko da ɗaya daga manyan aibobi irin baƙar ƙwaya ko mai tsami ba. Wadda hunhuna ta bayyana a jikinta kuwa kada a sha ta sam, domin tana iya ɗauke da guba.

Ga abin da za ki gaya wa mai gonar. A tsinki jajaye kaɗai, ko da za a zagaya gona sau da yawa. A zuba su a ruwa ranar da aka tsinko, a kwashe masu tasowa sama. In wankewa za a yi, a ɓare ɓawon a ranar, a bar ƙwayar ta tsimu awa 12 zuwa 36 gwargwadon sanyin gari. Gwajinsa da hannu ne: a wanke ɗan kaɗan a murza, in yauƙi ya tafi ana jin kaushi, ta yi, a wanke nan take. In kuma da ɓawo za a shanya, a baza a kan gado mai raga, kauri kada ya wuce santimita 3 zuwa 4, a riƙa juyawa sau da dama a yini, a rufe da dare da lokacin ruwa, mako 2 zuwa 4. Shanya a ƙasa tsirara ita ke kawo warin turɓaya. Danshin da ake nema kashi 10 zuwa 12 cikin 100 ne. In ba na'ura, a ciji ƙwayar: in haƙori ya nutse da saura, in ta fashe ƙaras ta bushe. Kilo 5 zuwa 6 na jajayen 'ya'ya ke ba da kilo 1 na ƙwaya.

Ajiya a nan Zariya, musamman a Agusta, a sa ta a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake adana wake, a ɗaure tam, a ɗora a kan katako nesa da daddawa da albasa da kananzir, domin ɗanyar gahawa na zuƙar wari.

Wajen suya, giram 200 a kasko mai kauri, wuta matsakaiciya, juyi ba tsayawa. Za ta koma rawaya, ta yi ruwan ƙasa, wajen minti 8 zuwa 10 ki ji ta fara fashewa tas-tas. Ki ƙara minti 1 zuwa 2 ki sauke, ki juye a faranti ki fifita har ta huce. In kika bari ta yi baƙi tana naso, ƙauri ya binne duk abin da tsauni ya ba ta. Waɗanda suka ƙi yin duhu a cikin 'yan'uwansu ɗanyu ne, ki cire. Ki bar ta kwana 3 a rufe kafin daka.

Tambaya: Ina sana'ar shayi a Kwangila. Yaya zan gane bambancin gahawar tsauni da saura da bakina? Kuma ta tsauni ta fi hana barci? Daga mai shayi.

Amsa: Malam, ba ta fi ba. Sinadarin kafeyin da ke hana barci kimanin kashi 1.2 cikin 100 ne a arabika, a robusta kuwa ya kusa ninka haka.

Gwaji kuma sai an jera biyu ko uku a lokaci ɗaya, harshe ba ya riƙe ɗanɗanon jiya. Ka auna giram 8 na kowace, niƙa mai ɗan tsaki-tsaki, a kofuna iri ɗaya. Ka shinshina garin tukuna. Ka tafasa ruwa, ka jira kamar rabin minti ya sauko wajen digiri 93, ka zuba mililita 150 a kowane kofi. Bayan minti 4 ka ture abin da ya taso da cokali hancinka na kusa, ka kwashe kumfar, ka jira ta ɗan huce. Sai ka kurɓa da cokali da ƙarfi yadda za ta fantsama a baki, ba sukari ba madara ba citta. Ka sake kurɓa in ta yi sanyi: mai kyau zaƙinta ƙara fitowa yake, maras kyau kuwa ɗaci da bauri ke tasowa. Ruwa ma na da nasa hannu. Na rijiya mai zartsi na kashe tsamin, na famfo mai warin magani na kashe ƙamshin, don haka ka yi gwajin da tataccen ruwa maras wari. In za ka dafa wa masu saye, giram 60 a lita guda shi ne ma'auni, kuma kada ka bar ta a kan wuta tana tafasa a buta, ka dafa kaɗan-kaɗan gwargwadon masu zuwa.